Injin wanke-wanke ya daina ɗumama ruwa? A auna tukuna kafin a sayi sabuwar hita

Injin wanke kwanuka ya fara zama ɗan gida a manyan biranen Arewa. Ana ganinsa a otal-otal da gidajen abinci, da wurin masu sana'ar girkin biki, har ma cikin kayan ɗakin wasu amare. Da yawa daga ciki kayan Beljiyam ne, wato waɗanda aka yi amfani da su a Turai aka kawo su nan, babu littafin bayani, in ma akwai to da Jamusanci yake. Muddin injin na aiki babu mai damuwa da hakan. Ranar da ya fara fito da faranti da sanyi, maiƙo na nan daram, sabulun ma bai gama narkewa ba, ranar ake gane cewa babu wanda ya san yadda yake aiki a gidan.

Abin da ke biyo baya kusan iri ɗaya ne a ko'ina. Za a kira mai gyara, ya saurari bayani, tun kafin ya kwance noti ko ɗaya ya yanke hukunci cewa hita ce ta ƙone. A ba da kuɗi a sayo, a ɗaura. Wani lokaci a dace. Wani lokacin kuma ruwa ya ci gaba da fitowa da sanyinsa, sai a ce to ai bod ne, a kawo wasu kuɗin. Wannan canki-canka ne, kuma aljihun mai injin ne ke biyan kowane kuskure. Hita ɗaya ce tak daga cikin abubuwa kusan bakwai da ke iya hana ruwa yin zafi, ita ce kuma ta fi wahalar kaiwa gare ta, tana cikin waɗanda suka fi tsada. Bai kamata a taɓa ta ba sai an kawar da sauran ta hanyar awo. Mai injin da ke da wayar salula a hannu yana iya yin rabin wannan awon da kansa.

Me ya sa ma zafin ya zama dole? Injin ba shi da soso, ba shi da hannun da zai goge. Ƙarfin feshin ruwa da sabulu da zafi su ne kayan aikinsa. Manja yakan narke a wajen digiri 35 na ma'aunin Selshiyos, kitsen sa kuwa sai an haura 40. Sabulun injin yana ɗauke da sinadaran da ke farfasa sitaci da furotin, kuma an haɗa su ne don su yi aiki a ruwan ɗumi. Shi ya sa tsarin tsimin wuta na injinan Turai ke wanki a wajen digiri 50, tsarin tukwane kuma ya kai 70. Idan ruwan ya zauna da sanyi, injin zai yi ta watsa maiƙo daga wannan faranti zuwa wancan ne kawai. A gida abin haushi ne. A gidan abinci kuwa, inda faranti ɗaya ke bi ta hannun mutane da yawa a yini, maganar ta zama ta lafiyar jama'a.

Duk wanda ya taɓa rubuta manhaja, ko da 'yar ƙarama ce, ya san ma'anar sharaɗi: idan kaza da kaza sun cika, a aikata kaza. Haka injin wanke-wanke yake tunani. A cikinsa akwai ƙaramar kwamfuta, kuma ba ta sakar wa hita wuta sai ta gamsu cewa ƙofa a rufe take, ruwa ya shiga daidai gwargwado, famfon ciki yana juya ruwan da ƙarfi, sannan na'urar auna zafi ta ce ruwan bai kai yadda ake so ba. Idan ɗaya ya faɗi, kwamfutar za ta hana wuta zuwa, da gangan, don hitar da aka kunna babu ruwa a kanta ƙonewa take yi nan take. Ma'ana, sau da yawa injin da "ya ƙi ɗumama ruwa" lafiyarsa lau, kare kansa yake yi daga wata matsala da ke wani wuri daban. Wanda ya cire hitar a irin wannan hali ya bar jaki yana dukan taiki.

A tabbatar akwai matsalar

Wannan mataki ne da ake yawan tsallakewa. Injinan Turai da yawa ba su da wata hita ta busarwa. Suna ɗauraye kayan da ruwa mai zafi sosai a ƙarshe, sai zafin da kayan suka riƙe ya busar da su. Roba ba ta riƙe zafi kamar tangaran ko ƙarfe, don haka ganin kofin roba a jiƙe ba hujja ba ce. Taɓa ƙofa a ji ta da sanyi ma ba hujja ba ce, don an lulluɓe ta daga ciki. Haka nan wanda ya zaɓi tsarin ɗauraya kawai, ba zai ga zafi ba ko injin sabo ne fil, domin wannan tsarin da ruwan sanyi yake aiki.

Gwajin gaskiya mai sauƙi ne. A zaɓi tsari mafi zafi, a bar shi ya yi minti ashirin zuwa talatin, a buɗe ƙofar a hankali. Idan tururi ya bugi fuska, hita na aiki, matsalar wankin tana wani wuri. Akwai wani abin lura a nan: a lokacin bazara ruwan baƙin tankin da ke kan rufi yakan sauko da ɗuminsa, sai ya rufa wa injin asiri. Mai gida zai ce injin ya lalace ne da shigowar hunturu, alhali mai yiwuwa ya daɗe ba ya ɗumama komai, rana ce ke yi masa aikin.

Daga nan sai wayar salula ta shigo. Akwai ƙananan soket masu auna wutar da na'ura ke ja, suna nuna adadin a manhajar waya. Idan aka samu wanda zai iya ɗaukar amfiya 13 ko 16, aka jona injin a kansa, an samu abin da masu manhaja ke ji da shi, wato rikodin abin da ya faru daƙiƙa bayan daƙiƙa. Famfon ciki wuta kaɗan yake ja, galibi bai wuce wat ɗari da 'yan kai ba. Da zarar hita ta kama, adadin zai yi tsalle zuwa wajen wat 2000. Idan aka gama wanki gaba ɗaya ba a ga tsallen ba, to wuta ba ta bi ta cikin hitar ba sam. Idan an gan shi amma ya tsaya a 1200, labarin ya canza. Idan ya zo ya ɗauke bayan 'yan daƙiƙoƙi, wani labarin ne kuma na uku. Alamu uku, cututtuka uku, duk kafin a taɓa sukudireba. Wanda ba shi da irin wannan soket yana iya kashe sauran kayan wutar gida ya kalli allon mitar kati, da yawa daga cikinsu suna nuna nauyin da ake ja a lokacin.

Wuta ce ta farko da za a tuhuma

A nan ne shawarar da ake samu a YouTube ke gaza mai kallo a Kano ko Kaduna ko Maraɗi. Mai bidiyon yana zaune ne a ƙasar da wutar soket ba ta cika kauce wa bolt 230 ba, don haka ba zai ma ambaci wannan ba. A unguwar da taransifoma ɗaya ke ɗauke da gidaje fiye da ƙarfinta kuwa, ganin bolt 180 da magariba ba abin mamaki ba ne.

Lissafin ba shi da wuya. Hita mai wat 2000 a kan bolt 230 tana da turjiya ta om 26 da ɗoriya. Zafin da take bayarwa ba ya raguwa daidai da raguwar wuta, ya fi haka faɗuwa, domin ana ninka ƙarfin wutar da kansa ne kafin a raba da turjiyar. A bolt 180 wannan hitar wat 1225 kacal za ta bayar. A bolt 160 ba za ta kai 1000 ba. Wato wuta ta ragu da ƙasa da kashi ɗaya cikin uku, zafi ya ragu da fiye da rabi. Injin kuma yana da iyakar lokacin da zai jira. Idan lokacin ya cika ruwa bai kai ba, wasu injinan su wuce mataki na gaba da ruwan yadda yake, wasu su nuna lambar kuskure. Injinan Bosch da Siemens ma suna da lamba ta musamman don wannan, E27, wadda ke nufin wutar da ke shigowa ta yi ƙasa. Littafin kamfanin da kansa ya bayyana cewa wannan ba laifin injin ba ne. Duk da haka ba abin mamaki ba ne a ga an canza hita a kan E27, saboda babu wanda ya tsaya ya rubuta lambar a Google.

Janareto da inbata ma suna cikin wannan babi. Ƙaramin janareton nan da bai kai wat 1000 ba zai iya kunna fitilun injin, ya juya famfo, komai ya yi kamar lafiya, amma da hita ta nemi rabonta sai wuta ta durƙushe. Haka sitabilaiza ƙarama, haka doguwar wayar jone mai siririn ciki, wadda ita har narkewa takan yi.

Sai kuma asalin injin. Na Turai an yi shi ne a jona shi da ruwan sanyi ya dafa abinsa. Na Amurka kuwa bolt 120 yake amfani da shi, kuma an tsara shi ne a jona shi da bututun ruwan zafi na gida, mai kimanin digiri 49, hitarsa ta ƙara kaɗan a kai. Wanda ya sayo irin wannan ya haɗa shi da taransifomar rage wuta da ruwan tanki, ba zai taɓa samun abin da yake nema ba, ko hita nawa ya canza. Duba takardar da ke manne a gefen ƙofa minti ɗaya ne.

Sai ruwa

Tunda kwamfutar injin ba ta kunna hita sai ruwa ya isa, duk abin da ya rage ruwa yana iya bayyana da fuskar matsalar zafi. Injinan Bosch, misali, suna buƙatar ƙarfin ruwa da bai gaza rabin ba ɗaya ba, wato 0.5. Tsayin mita goma ne ke ba da ba ɗaya. Tankin da ke kan rufin gida mai hawa ɗaya, mita uku sama da injin, kimanin 0.3 yake bayarwa. Ga kuma 'yar rariyar da ke bakin tiyon shigar ruwa, wadda yashin rijiyar burtsatse ke toshewa a hankali. Ga matatar da ke ƙasan injin, inda ƙwayar shinkafa da ƙashin kifi da zaren kuɓewa ke taruwa har famfo ya rasa abin ja. Wanke waɗannan biyun kyauta ne, kuma ya kamata ya zo kafin kowace magana ta sayen kaya.

Ruwan rijiya mai nauyi yana da tasa illar. Farin ɓawon nan da ke kama cikin ketil, shi ne ke kama jikin hitar injin. Yana hana zafi ratsawa zuwa ruwa, hitar ta yi ta cin kanta har ta mutu. A injinan Bosch lambar E12 ce ke nuna wannan. Masu injin da yawa ba su ma san amfanin ramin nan mai murfi da ke ƙasan injin ba. Na gishiri ne, gishiri na musamman da ke farfaɗo da sashen tausasa ruwa, kuma gishirin miya ba ya maye gurbinsa. Inda aka canza hita ba a magance ɓawon ba, sabuwar ma hanyar tsohuwar za ta bi.

Yanzu ne za a kwance

Idan wuta ta cika, ruwa ya isa, matata fes, tsari daidai, amma babu zafi, to lokacin buɗe injin ya yi. A nan aikin ya bar hannun mai waya ya koma na wanda ya san wutar lantarki, kuma filogi a cire yake kafin komai. Ruwa da wuta ne a akwatin ƙarfe ɗaya.

Kayan aikin maltimita ce. Hita mai lafiya, irin ta wat 1800 zuwa 2400, za ta nuna tsakanin om 20 da 30. Idan mitar ba ta nuna komai ba, wayar cikinta ta tsinke, hukunci ya tabbata. Sai a auna tsakanin ƙafar hitar da jikin ƙarfen injin. Nan bai kamata a samu wata hanya ba. In an samu, hitar na zubar da wuta, kuma a gidan da ba a yi wayarin mai sauke wuta zuwa ƙasa ba, jikin injin ne zai ɗauka, ya jira hannun da ya jiƙe.

Idan hitar ta ci jarrabawa, saura uku. Na'urar auna zafi wani ɗan abu ne da turjiyarsa ke raguwa yayin da zafi ke ƙaruwa. Idan ya lalace ta yadda zai riƙa nuna turjiya kaɗan, kwamfutar za ta ɗauka ruwa ya riga ya yi zafi, ta ƙi kunna hita. Bayanin ƙarya ya shiga, hukuncin ƙarya ya fito, kamar dai a manhaja. Akwai fis ɗin kariya daga zafi, wanda ke yankewa idan abu ya wuce kima. Sai kuma rile, ɗan makunnin da ke kan bod wanda ke sakar wa hita wuta. Kusan amfiya 9 ke bi ta ƙafarsa duk lokacin ɗumama ruwa, shekara da shekaru, har dalmar da ke riƙe da ita ta tsage ko ta yi baƙi. Wannan gyara ne da duk yaron da ke gyaran waya a Farm Centre zai iya yi cikin 'yan mintuna da kan dalmarsa. Amma sau nawa ake jefar da bod sukutum saboda tabon dalma ɗaya?

Akwai abu ɗaya da bai kamata mai injin ya yarda da shi ba ko da kyauta ne, wato a cire fis ɗin kariya a haɗa wayoyin kai tsaye, ko a ja wa hita wuta ta bayan bod "don a ga ko za ta yi". Za ta yi kuwa. Za ta kuma ci gaba da yi ranar da ruwa ya ɗauke tsakar dare, a cikin injin da rabin cikinsa roba ne, a ƙarƙashin kantar katako. Gyaran gangar Auzinawa ke nan.

To ai sau da yawa hitar ce

Mai gyara zai iya kare kansa, kuma maganarsa na da ƙamshin gaskiya. Tsohon injin da ya yi shekaru a Turai, ya zo ya haɗu da ruwan rijiya da wuta mai hawa da sauka, hitarsa na cikin haɗari da gaske. Idan injin Bosch ya nuna E09, galibi can ɗin ne. Wanda ya ga irin wannan sau hamsin yana da dalilin yin zato. Amma zato mai kyau dalili ne na fara awo daga wurin, kuma awon minti biyu ne idan an riga an buɗe. A sababbin injina da yawa an haɗa hita da famfon juya ruwa sun zama abu guda, ba a sayar da ɗaya sai da ɗayan, don haka kuɗin kuskure ya ninka.

Gaskiyar da ba a son faɗa ita ce masu injin na da hannu a wannan ɗabi'a. Mutum zai biya kuɗin kaya ba musu, amma idan mai gyara ya shafe awa guda yana awo, ya gano cewa matata ce ta toshe, ya nemi haƙƙinsa, sai a ce "ai ba ka canza komai ba". Wanda aka yi wa haka sau biyu ya koyi darasi: abincinsa na cikin canza kaya. Gano cuta shi ne aikin, shi ya fi cancantar a biya. Mai injin da ya biya kuɗin dubawa da daɗin rai, ya kuma ce a nuna masa abin da mita ta nuna kafin a sayi komai, a kuma bar masa tsohon kayan da aka cire, ya fi wanda ya tsaya cinikin farashin hita tsira da kuɗinsa.

Kamfanonin ma ba su fita ba. Kwamfutar injin ta san takamaiman sharaɗin da ya faɗi, amma abin da take nuna wa mai ita harafi ne da lamba biyu, wasu ma ƙiftawar fitila kawai. Cikakken bayanin yana cikin littafin ma'aikatansu. Tarayyar Turai ta ɗan matsa musu: daga 1 ga Maris 2021 doka ta wajabta a samar da kayan gyara irin su hita da famfo da bod da na'urorin awo na aƙalla shekara bakwai bayan an daina fitar da samfurin, sai dai ga ƙwararrun masu gyara kawai aka wajabta sayar da waɗannan. Faransa kuma ta sa injin wanke-wanke cikin kayan da dole a manna musu makin sauƙin gyara tun Nuwamba 2022. Wannan ci gaba ne, amma dokar ba ta biyo injin cikin kwantena zuwa Legas ba. Mai gyara a Sabon Gari ba ya cikin rajistar kowa, kayan da zai samu galibi cirowa aka yi daga wani mataccen injin, wanda shi ma ya kamata a auna shi a gaban mai saye kafin a biya.

Sababbin injina masu haɗuwa da intanet sun zo da alkawarin cewa manhaja za ta warware wannan. A wani ɓangaren haka ne, manhajar kan fassara lambar kuskure zuwa magana. Amma a 2025 Jeff Geerling, wani mai rubuta manhaja ɗan Amurka da aka sani a YouTube, ya nuna cewa sabon injin Bosch da ya saya ba ya barin a zaɓi wasu tsare-tsare, har da na ɗauraya kawai, sai an buɗe asusu a manhajar Home Connect an haɗa injin da intanet. Ga mai zama inda data ke da tsada kuma sabis ke yankewa, wannan ƙarin sharaɗi ne a kan waɗanda ake da su, ƙarin wuri guda da abu zai iya tsayawa. Injin da zai rubuta a allonsa cewa wuta ta yi ƙasa ko ruwa bai isa ba, da kalmomin da mutum zai karanta, ya fi amfani nesa ba kusa ba, kuma fasahar yin hakan ba ta kai ta agogon hannu mai arha ba.

Kafin kamfanoni su ga dama, abin da ke hannun mai injin shi ne lambar samfurin da ke gefen ƙofa. A ɗauki hotonta, a nemo littafin injin na Turanci a shafin kamfanin, a ajiye shi a waya. A ɗauki hoton lambar kuskuren kafin a kashe injin, domin wasu na gogewa da an cire filogi. A rubuta ƙarfin wutar soket a lokacin da abin ya faru, da tsarin da aka zaɓa, da ko wutar gari ce ko ta janareto. Da waɗannan a hannu ake kiran mai gyara, kuma tambayar farko da za a yi masa a waya ita ce ko zai taho da mitarsa.